Malam Nasiruddeen da Zanen Bakin Randa

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Malam Nasiruddeen da ke bayan Titin Maroko ya san kwanon silba da ke kan benci a bakin ƙofa. A cikinsa ake ajiye waya kafin a shiga. Ko alhaji ne, ko babban ma'aikaci da ya sauko daga motar Abuja, sai ya zaro wayarsa ya saka a kwanon, sannan a ɗaga masa labule. Wasu sukan yi dariya, wasu su ji haushi su juya. Amma mafi yawa sukan bi doka, domin a garin Suleja ba a samun wuyan riga irin nasa.

Sana'arsa surfani. An haife shi a Kurmin Sarki, ya yi firamare, ya shiga sakandare bai ƙarasa ba, mahaifinsa ya damƙa shi ga wani tsoho Banufe mai aikin hannu a bakin kasuwa. A wurin tsohon ya koyi zanen aska biyu da na aska takwas, ya riƙe allura har yatsansa ya yi kanta, ya kuma koyi zama shiru. Su biyu ne suke koyo, shi da wani sa'ansa Lukuman, mai fara'a da yawan jama'a. Bayan rasuwar tsohon kowa ya buɗe nasa shagon.

A shekararsa ta farko da cin gashin kansa ya sauya wa wani tsohon zane fasali, ya ɗinka wa wani ango, ya kai rigar wajen masu bugu. Kafin wata ya ƙare sai ga aikin nan a wuyan mutanen da bai taɓa ɗinka wa ko hula ba, kuma duk daga shagon Lukuman suka fito. Lukuman ya rantse cewa wani ne ya kawo masa riga ya ce a yi masa irinta, shi kuwa bai san aikin wane ne ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin haka sana'ar take, abin da ya fita titi ya zama na kowa. Nasiruddeen bai yi faɗa da shi ba. Har yau suna gaisawa, suna halartar suna da jana'izar dangin juna. Sai dai tun daga lokacin ya ɗauki wani hali da bai sake rabuwa da shi ba. In ka yaba aikinsa, sai ya tambayi kansa abin da kake nema. In ka yi shiru kana kallo, sai ya ce haddacewa kake yi.

Da zamani ya juya, injin surfani mai aiki da kwamfuta ya shigo gari, Nasiruddeen ya daɗe yana zagin aikin inji kafin ya ga masu zuwa wurinsa suna raguwa. Sai ya sayar da gonar gadonsa da ke wajen Zuma ya sayi inji, ya ɗauko ƙaninsa Khamis, magidanci da ya gaji da tuƙin motar haya, ya sa shi kula da shi. Shi kuwa ya zauna gaban kwamfuta, furfura ta fara fito masa a gemu, ya koyi zane daga tushe har ya ƙware. Zanen surfani a kwamfuta ya wuce hoto. Wajibi ne mai zane ya faɗa wa inji inda allura za ta fara, da inda za ta bi, da inda zare zai yi kauri, da inda zai sassauta don kada shadda ta tattare. Mutum biyu za su iya kwaikwayon fure ɗaya, na ɗaya ya kwanta lumui, na ɗaya ya tashi kamar fatar kwaɗo. Wannan lissafin allura shi ne dukiyar Nasiruddeen, kuma duk yana cikin kwamfuta guda da ke ɗan ɗakin ciki, wadda ko Khamis bai san kalmar buɗe ta ba.

Mai gyara masa kwamfutar wata mace ce, Abimbola, wadda aka fi sani da Maman Tolu. Bayarabiya ce haifaffiyar Suleja, Hausa a bakinta kamar ta 'yar unguwar Bagama, tana da shago kusa da tasha. Ya yarda da hannunta, domin ba ta taɓa taɓa injinsa ya ƙi tashi ba. Abin da ya hana shi sakin jiki da ita ɗaya ne: ita ce kuma take gyara kwamfutar Lukuman.

Wata rana bayan ƙaramar salla ta zo duba masa wani abu, ta tsaya tana sauraron yadda wuta take zuwa tana komawa.

"Malam," in ji ta, "wannan kwamfutar ita ce shagonka. Ranar da ta kwanta, kai ma ka kwanta."

"Wa ya gaya miki za ta kwanta?"

"Babu wanda ya gaya mini. Wutar layinku nake gani, kamar mai wasan ɓuya. Ka sayi faifan ajiya na waje, in ɗaukar maka kwafin kwamfutar gaba ɗayanta, da Windo ɗinta, da manhajar zanenka, da zanunnukan, komai da komai. Shi muke kira bakof. In ta lalace, sai a mayar da ita yadda take."

"Kwafin kuma a hannun wa zai zauna?"

"A hannunka mana, Oga. Ni in kai shi ina? In dafa wa Tolu ya ci?"

Bai sayi faifan a wurinta ba. Abuja ya tafi, shagon da ba a san shi ba, ya zaɓi mafi ƙanƙanta da aka ce zai ɗauke kayansa. Ta yi aikin a gabansa yana tsaye a kanta. Da ta gama ta ce masa a riƙa sabuntawa duk wata, domin kwafin na ranar da aka ɗauke shi ne kaɗai. Abin da ya shiga kunnensa shi ne matar nan tana neman hanyar shigowa ɗakin ciki duk wata. Ya ce to, ya naɗe faifan a ƙyalle, ya kai gida ya kulle a akwatin ƙarfe. Bai sake kiranta a kan zancen ba.

A cikin damina ta wannan shekarar ne ya fara zanen da ya fi kowane zama masa a rai. Duk abin da ya ɗinka a baya, in ya faɗa wa kansa gaskiya, na tsohon maigidansa ne da ya yi wa gyaran fuska. Wannan kuwa nasa ne. A gidan kakarsa akwai wata randa da aka saya wajen matan Gwari, an zana mata ƙadangaru suna bin juna a kewayen baki. Randar ta fashe tun yana yaro, amma zanen bai bar idonsa ba. Ya so ya ɗora shi a wuyan babbar riga, ta yadda ba za a ga siffar dabba ba, don mutum ya yi salla da rigar hankali kwance, amma duk wanda ya ƙura ido ya ji kamar wani abu yana gudu a cikin zaren. Ya yi ta gogewa yana sakewa, damina ta wuce, kaka ta shigo. In ya gwada a inji, sai ya aiki Khamis sayen zare, ya ɗinka a kan guntun yadi, ya duba, ya goge zanen daga filash ɗin da yake kai shi inji da shi, da cikin injin, ya kai guntun bayan shago ya cinna masa ashana. Ya sa masa suna Bakin Randa, amma a zuciyarsa kaɗai. A cikin kwamfuta kuwa bai ajiye shi tare da sauran ba. Ya kutsa can cikin foldojin Windo, inda mai neman zane ba zai leƙa ba, ya ɓoye shi da wani suna na haruffa da lambobi marasa ma'ana.

Mutum ɗaya ya nuna wa, Alhaji Munir na Garam, dillalin filaye, wanda zai aurar da babban ɗansa bayan an gama girbi. Alhaji ya saka wayarsa a kwano, ya shiga ɗakin ciki, ya ga zanen a fuskar kwamfuta, ya ƙura masa ido har Nasiruddeen ya fara damuwa.

"Malam Nasiru," in ji shi, "wannan nake so. Na ango, da nawa, da na 'yan'uwana maza. Amma da sharaɗi, kada in gan shi a wuyan kowa kafin ranar ɗaurin aure."

"Alhaji, ni kake gaya wa?"

Suka yi dariya. Washegari aka kawo shadda, Khamis ya fara yanka.

Saura makonni kaɗan biki, wata safiya aka kawo wuta da ƙarfi, fitilar shago ta yi ƙara ta mutu. Kwamfutar ta kunnu, amma ta tsaya a wani shuɗin allo ta ƙi wucewa. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya kira Maman Tolu, ta ce tana nan zuwa, bari ta ƙarasa wani aiki.

"Aikin wa?"

"Na wani kwastoma."

Ya leƙa waje daga baya, ya ga mai acaɓan da ya kawo ta ya fito ne ta layin da shagon Lukuman yake. Layin yana kaiwa wurare da yawa, har da banki da asibiti, amma Nasiruddeen bai tuna da su ba.

Ta saka wayarta a kwano ba tare da an ce mata ba, ta duba kwamfutar, ta ce Windo ce ta lalace, kayan ciki kuwa suna nan. Ta tambayi faifan bakof. Ya je gida ya ɗauko. Sai ta buɗe jakarta ta fito da wani faifai nata.

"Wannan na mene ne?" in ji shi.

"Haka nake aiki. Kafin in mayar da tsohon kwafi, nakan kwashe duk abin da ke cikin kwamfuta yanzu in ajiye gefe. In an gama, mai kaya ya duba, in komai ya cika, sai in goge a gabansa."

"A cikin naki faifan."

"Naka ya cika, Malam. Ƙarami ka sayo."

Ya dubi faifan nata. Baƙi ne, gefensa ya goge saboda yawo. Ya tambayi kansa kwamfutoci nawa aka soka wa shi, da wadda za a soka wa gobe. Ya taɓa ji an ce abin da aka goge ma masu gyara suna da dabarar dawo da shi. Ashe ke nan ko ta goge a gabansa, ba ta goge ba.

"Mayar da shi jaka, Maman Tolu. Babu abin waje da zai shiga kwamfutar nan."

"To ka ba ni sabon filash naka, ka nuna mini abin da kake so in cire maka."

Nuna mata yana nufin ya kai ta har maɓoyar, ya faɗa mata sunan. Ya girgiza kai.

Ta ajiye abin da ke hannunta ta fuskance shi. "Malam, ka saurare ni da kyau, don kada gobe a ce Bayarabiya ta cuce ka. In na mayar da kwafin nan, kwamfutarka za ta koma yadda take ranar da muka ɗauke shi, bayan ƙaramar salla. Akwai wani sabon abu da ka saka tun daga lokacin, wanda ba ka da shi a wani wuri?"

Tambayar ta faɗo daidai inda yake tsoro. Me ya sa take son sanin sabon abu? Wa ya ce mata akwai sabon abu? Alhaji Munir mutum ne mai surutu a majalisa, ba mamaki magana ta zaga ta isa kunnen Lukuman. Ya kuma yi wani lissafi a ransa. A fahimtarsa, mayar da kwafi kamar dawo da kaya ne cikin ɗaki: a shigo da na da, a jera su inda suke, abin da aka tarar a ciki kuwa yana nan. In ma za a taɓa wani abu, foldar zanunnuka za a taɓa, shi kuwa nasa ba ya can. Wanda ya tusa abu a cikin bango, me ya dame shi da masu jera kujeru?

"Ƙananan ayyuka ne na masu kaftani," ya ce. "An riga an ɗinka an ba su. Babu komai."

"Ka tabbata?"

"Sau nawa zan faɗa miki?"

"Khamis, ka dai ji," in ji ta, ta ɗaga murya zuwa wajen inji. "Kai ne shaidata."

"Ni ban ji komai ba, Madam," in ji Khamis yana dariya. "A shagon nan kurma ne ni."

Aikin ya ɗauki wuni. Nasiruddeen bai fita ko cin abinci ba, salla ma a bakin ƙofar ɗakin ya yi ta. Wajen la'asar kwamfutar ta tashi, hoton da ke fuskarta ya dawo, manhajar zane ta buɗe, zanunnuka suka jeru reras. Ya ji daɗi har ya raka Maman Tolu bakin titi, abin da bai saba ba. Ya dawo, ya sakaya labule, ya bi hanyar da ya haddace zuwa maɓoyarsa.

Foldar da ya ƙirƙira ba ta nan. Ya ɗauka ya yi kuskuren hanya, ya koma ya sake bi. Ya rubuta sunan a wurin nema, kwamfuta ta ce babu. Ya zauna yana kallon allon, yana jin ƙarar inji daga waje, Khamis yana waƙa ƙasa-ƙasa.

Abin da ya fara zuwa masa shi ne ta ɗauke. Ta yaya, bai sani ba, tunda idonsa bai bar hannunta ba, amma masu wannan aiki suna da hanyoyinsu. Saboda haka bai kira ta ba. Ya ce bari ya yi shiru ya ga inda zanen zai ɓullo. Ya ci gaba da aiki a kwamfutar kamar babu abin da ya faru, yana zana wa masu kaftani ƙananan wuya, yana ajiyewa. Da yamma yakan bi ta layin Lukuman a hankali, yana satar kallon rigunan da aka rataye. Bai ga komai ba sai tsofaffin furanni da kowa ya sani.

Mako ya zagayo. Shaddar Alhaji tana ninke a kan tebur, an yanka, an haɗa, wuya kaɗai take jira. Khamis ya tambaye shi yaushe za a ɗora ta a inji, ya ce ba yanzu ba. A wannan makon ne tunaninsa ya juya ta inda bai zata ba. In Maman Tolu ta ɗauka, to zanen yana nan a duniya, ana iya roƙonta, ana iya saye. In kuwa ba ta ɗauka ba, babu shi ke nan ko'ina. Ya tarar da kansa yana addu'ar Allah ya sa an sace.

Ya fara da na kusa. Ya kira Khamis ɗakin ciki, ya ba shi kujera.

"Khamis, ni yayanka ne. Abin da zan tambaye ka, wallahi ba zan yi fushi ba. Ranakun da nake aikenka sayen zare, ka taɓa dawowa ka tarar da wani zane a cikin inji, ka kwafa?"

"Wane zane, Yaya?"

"Ko guntun yadi a bayan shago, wanda wuta ba ta cinye duka ba. Ko ka ɗauka ka ajiye, ko ka nuna wa wani."

Khamis ya dube shi da kyau. "Yaya, shekara nawa ina tare da kai? Ni na san kana ƙona abu a baya, ina jin ƙauri. Na ce a raina sirrinka ne. Ko tokar ban taɓa kallo ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Yau kuma laifina shi ne ban yi sata ba?"

Ya hau mota ya tafi Garam. Ya sami Alhaji Munir a ƙofar gida ana sauke buhunan shinkafar biki. Bayan gaisuwa ya kewaya, ya kewaya, sannan ya tambaya ko Alhaji, saboda sha'awa, ya ɗauki hoton zanen a ranar nan, wataƙila da wata wayar ta biyu da ke aljihu.

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Kai ka karɓe mini waya ka saka a kwano kamar goron biki, yanzu kuma kana tambayata hoto? Malam Nasiru, lafiya dai ko? Rigunan suna nan?"

"Suna nan, Alhaji. Ana kai."

Daga Garam bai koma shago ba. Ya sauka a tasha, ya shiga shagon Maman Tolu, karo na farko a rayuwarsa. Ta ba shi kujera tsakanin matattun kwamfutoci. Ya gaya mata komai, da maɓoyar, da sunan, da bikin. Sannan ya sassauta murya.

"In kin ɗauka, ki ba ni. Ba zan gaya wa kowa ba. Ko kin riga kin ba wani, ki karɓo mini kwafi kawai, na yafe."

Ta dube shi. Ta amsa ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Malam, da a ce wani ne ya faɗa mini wannan, da na kore shi. Na tambaye ka, na sake tambayarka. Mayar da kwafi ba jera kaya ba ne. Rushe ɗakin ake yi har bango, a sake gina na da a wurinsa. Inda ka ɓoye abinka, nan aka fara rushewa. Yaushe ka gane babu shi?"

"A ranar."

"A ranar! Kuma ka ci gaba da aiki a kanta?"

"Na ci gaba."

Ta dafe kai. "Da ka kira ni a ranar, ka kashe ta ba ka sake taɓawa ba, da wataƙila an tsinci wani abu a ƙarƙashi. Duk abin da ka ajiye tun daga lokacin, a kan ragowarsa kake ajiyewa. Kawo ta nan in gwada. Amma sai ta kwana a wurina, kuma sai na soka mata faifaina. Ka yarda?"

Ya ce ya yarda. Shi da kansa ya ɗauko kwamfutar a kan acaɓa, ya rungume ta kamar mara lafiya, ya haɗa da filash ɗin da yake gwaji da shi. Ya bar su a shagonta ya fito.

Ta yi iyakar ƙoƙarinta. Filash ɗin an goge shi an sake cikawa ba adadi, babu abin da ya rage. A cikin kwamfutar ta tono tarkace masu yawa, a cikinsu har da wani guntu da manhajar zane ta yarda ta buɗe. Suka duba tare. Wani lanƙwasan layi ne guda daga gefen hagu na wuyan, sauran kuwa zare ne a cukurkuɗe, allura tana tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya gane lanƙwasan. Wutsiya ce.

Kwanakin da suka rage ya zauna ya sake zanawa daga ka. Siffar ta dawo masa, domin hannunsa ya san ta. Abin da bai dawo ba shi ne lissafin allura da ya ɗauke shi damina guda yana gyarawa, inda zare yake siririntaka har ido ya ga kamar motsi. Wannan karon bai ƙona guntayen gwaji ba, babu lokaci. Khamis yana tsaye a kansa yana miƙo zare, yana cewa, "Yaya, wallahi ya yi kyau," shi kuwa yana cewa a sake.

Ya kai rigunan Garam ana jibi ɗaurin aure. Ya yi niyyar yin shiru, amma da Alhaji ya warware ta ango ya shimfiɗa a kan tabarma, sai ya ji ba zai iya ba.

"Alhaji, ba shi ne wanda na nuna maka ba. Wancan ya ɓace a kwamfuta. Wannan ƙaninsa ne."

Alhaji ya ɗaga rigar, ya kai ta haske, ya juya ta. "Ni dai ban ga bambanci ba. Wani ya taɓa saka irinsa?"

"Babu."

"To ai shi ne sharaɗinmu."

Aka yi biki, aka yaba riguna, mutane suka tambayi wanda ya yi aikin. Ba a daɗe ba zanen ya fara fitowa daga wasu shaguna, kamar yadda aka saba. Nasiruddeen ya gan shi a wuyan wani mai sayar da taya a Gauraka, ya tsaya ya duba, ya ga na biyun ne aka kwaikwaya, ya wuce abinsa. Wanda yake nema bai fito ba.

Yanzu Maman Tolu tana zuwa duk wata ta sabunta masa bakof, a babban faifai da ya saya a wurinta. Yana nan yana tsayawa a kanta har ta gama. A zuwanta na baya-bayan nan, tana naɗe wayoyinta, ya tsaya a bakin labule yana murza gemu.

"Maman Tolu, na san kin ce ba ki ɗauka ba."

"Malam, kada mu koma."

"Ba komawa zan yi ba. Ban ce ki ba ni ba, ban ce ki amsa ba." Ya dubi jakarta, inda baƙin faifan nan yake. "Ina dai cewa, duk inda kika sa zanen nan, ki riƙa dubawa lokaci-lokaci. Kada ki bar shi wuri ɗaya."

Ta dubi fuskarsa. Ta rataya jakarta, ta ce a gaida mutan gida, ta fita neman acaɓa.